Ciwon Sanyin Da Ya Ɓuya a Maƙogwaro: Nazarin Lamarin Wani Majiyyaci a Ingila, 2018

Halin da ake ciki kafin majiyyacin ya zo

Ciwon sanyi na gonoriya ƙwayar bakteriya ce ke haddasa shi, wadda likitan Jamus Albert Neisser ya gano a 1879. Ana ɗaukarsa ta hanyar saduwa, kuma ƙwayar tana iya zama a mafitsara (wato bututun da fitsari ke bi), ko bakin mahaifa, ko dubura, ko maƙogwaro, ko ido. A jikin namiji yakan bayyana da fitar mugunya daga gaba da raɗaɗi wajen fitsari, amma mata da yawa ba sa ganin wata alama, har sai cutar ta haura ta kumbura bututun mahaifa, ta jawo ciwon mara mai daɗewa, ko ɗaukar ciki a wajen mahaifa, ko rashin haihuwa. Jariri ma yana iya ɗauka a ido lokacin haihuwa, ya makance idan ba a yi masa magani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2016 an sami sababbin kamu kusan miliyan 87 a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49.

Abin da ya sa hukumomin lafiya suke sa wa wannan cuta ido fiye da takwarorinta shi ne yadda take cinye magunguna ɗaya bayan ɗaya. An fara da magungunan salfa a shekarun 1930, ba a daɗe ba suka daina aiki. Penisilin ya karɓa daga shekarun 1940, ya yi shekaru masu yawa ana ƙara yawan abin da ake ba majiyyaci har ya gaza. Tetirasaikilin ya bi sahu, sannan sifirofuloksasin, sannan sefiksim na haɗiya. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce, idan kashi 5 cikin ɗari na ƙwayoyin da aka gwada sun bijire wa wani magani, to a daina bayar da shi a matsayin maganin farko.

A 2011 likitocin Birtaniya suka koma haɗa magani biyu: allurar seftiriyazon miligiram 500 da azitromaisin giram 1 na haɗiya. Manufar ita ce, ƙwayar da ta tsallake ɗaya, ɗayan ya kashe ta. Amma kowanne daga cikin biyun ya fara nuna rauni ta ɓangarensa. A 2009 an samo wata ƙwaya mai tsananin bijire wa seftiriyazon a maƙogwaron wata mata a birnin Kiyoto na Japan, kuma a 2015 aka sake gano wani nau'i a Japan, mai lamba FC428, wanda ya iya yaɗuwa zuwa wasu ƙasashe. A Ingila kuwa, daga ƙarshen 2014 an sami ɓarkewar nau'in da azitromaisin ba ya yi wa komai, ta faro daga birnin Lids ta bazu zuwa wasu yankuna. Zuwa ƙarshen 2017 ba a taɓa ba da rahoton ƙwaya guda da ta haɗa bijire wa seftiriyazon da matsananciyar bijire wa azitromaisin ba.

Ingila tana da hanyoyi biyu na sa ido. Ta farko ƙidaya ce: kowane asibitin cututtukan saduwa yana aika adadin waɗanda ya gwada da waɗanda aka samu da cuta, ba tare da sunayensu ba. Wannan ƙidaya ta nuna sama da mutum 44,000 masu gonoriya a 2017, ƙarin kashi 22 cikin ɗari a kan shekarar da ta gabata. Ta biyu ita ce shirin GRASP da aka kafa a 2000, wanda ke tattara ƙwayoyin cutar daga wasu zaɓaɓɓun asibitoci na tsawon wata biyu zuwa uku daga Yuli a kowace shekara, a auna yadda suke jin magani. Bayan waɗannan, an umarci kowane ɗakin gwaji da ya ga ƙwayar da ta bijire wa seftiriyazon, a kowane lokaci na shekara, ya tura ta babban ɗakin gwaji na ƙasa da ke Kolindel a arewacin Landan.

Fabrairu 2018: zuwan farko

A watan Fabrairun 2018 wani mutum ya je asibitin cututtukan saduwa a Ingila, yana fama da fitar mugunya daga gaba da zafin fitsari. Ya shaida wa ma'aikata cewa yana da abokiyar zama guda ɗaya a Birtaniya, kuma ya sadu da wata mata mazauniyar Tailan lokacin da ya yi tafiya can.

An ɗauki fitsarinsa domin gwajin da ke neman sinadarin gadon ƙwayar cutar, an kuma ɗauki samfuri daga mafitsara domin a reni ƙwayar a faranti. Ya dace a tsaya a kan bambancin waɗannan gwaje-gwaje biyu, domin duk abin da ya biyo baya a kansa ya rataya. Gwajin gado yana da saurin fita, yana da kaifin ganowa, kuma fitsari kawai yake buƙata, shi ya sa ya mamaye asibitocin ƙasashe masu hali. Sai dai iyakar abin da yake faɗa shi ne akwai cutar ko babu. Gwajin reno kuwa yana da wahala, saboda ƙwayar gonoriya ba ta da juriya a wajen jiki, tana mutuwa idan ta bushe ko ta yi sanyi, kuma tana buƙatar abinci na musamman da ɗumi da iska mai yawan kabon. Amma da shi ne ake samun ƙwaya mai rai da za a zuba wa magunguna a ga wanne ne zai hana ta girma.

Ba a jira sakamako ba, kamar yadda aka saba ga mai alamu bayyanannu. An yi masa allurar seftiriyazon giram 1 a tsoka, wato ninkin abin da ƙa'idar ƙasar ta tanada a lokacin, aka haɗa masa da doksisaikilin miligiram 100 sau biyu a rana na kwana 7.

Sakamakon ɗakin gwaji

Gwajin gado ya tabbatar da gonoriya. Gwajin reno ya fitar da abin da ba a taɓa gani ba.

Ana auna ƙarfin magani a kan ƙwaya da mafi ƙarancin adadinsa da zai hana ta girma, a lissafin miligiram cikin lita guda. A ma'aunin Turai, idan wannan adadi ya haura 0.125 ga seftiriyazon, an ce ƙwayar ta bijire. Ta wannan majiyyaci ta kai 0.5, wato ninki huɗu na iyakar. Ga azitromaisin adadin ya wuce 256, wanda shi ne matakin da ake kira matsananciyar bijirewa, inda ƙara yawan magani ba ya da wani amfani. Ƙwayar ba ta jin sifirofuloksasin, ba ta kuma jin tetirasaikilin, dangin doksisaikilin ɗin da aka ba shi. Daga cikin magungunan da aka saba amfani da su a kan gonoriya, sifektinomaisin ne ya nuna yana iya kashe ta a faranti.

An tura ƙwayar Kolindel, aka tabbatar da sakamakon, daga baya cibiyar haɗin gwiwa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Orebiro a Suwidin ita ma ta duba ta. Hukumar Kula da Lafiyar Jama'a ta Ingila ta kafa kwamitin da zai bi lamarin.

Magani na biyu da gwajin tabbatar da warkewa

Kimanin mako biyu bayan allurar farko aka sake kiran mutumin asibiti. Mugunyar ta tsaya, zafin fitsarin ya tafi. Duk da haka, bisa abin da faranti ya nuna, likitoci suka yi masa allurar sifektinomaisin giram 2 a tsoka, domin ba su amince cewa seftiriyazon ya gama da ƙwaya mai irin wannan juriya ba.

Da aka yi gwajin tabbatar da warkewa, fitsarinsa ya fita babu cuta. Amma samfurin da aka sharo daga maƙogwaronsa ya tsiro da gonoriya a faranti, mai irin juriyar ta farko. Ya ce bai sake saduwa da kowa ba tun da aka fara masa magani, saboda haka likitoci suka ɗauki abin a matsayin gazawar magani, ba sabon kamu ba.

Akwai dalilai sanannu da suka sa maƙogwaro yake da wuyar sha'ani. Na farko, gonoriyar maƙogwaro kusan kullum ba ta da alama, mai ita ba ya jin komai, kuma yana iya yaɗa ta ta hanyar saduwa ta baki. Na biyu, magunguna da yawa ba sa isa naman maƙogwaro da ƙarfin da suke isa mafitsara, inda fitsari kansa yake tara maganin da ƙoda ta tace. Giram 1 na seftiriyazon ya ishi mafitsarar wannan mutum, bai ishi maƙogwaronsa ba. Sifektinomaisin kuwa an daɗe da sanin cewa ba ya aiki sosai a maƙogwaro, ko da faranti ya nuna ƙwayar tana jinsa, don haka gazawarsa a nan ba abin mamaki ba ne.

Dalili na uku ya fi sauran nauyi ga masu sa ido. A maƙogwaron kowane mutum mai lafiya akwai wasu bakteriya 'yan uwan gonoriya, waɗanda ba sa cutarwa. Duk lokacin da mutum ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta saboda mura ko ciwon haƙori ko wani abu, waɗannan bakteriya suna haɗuwa da maganin, masu juriya a cikinsu su tsira. Ita kuma gonoriya tana da baiwar tsintar gutsattsarin gado daga 'yan uwanta ta liƙa a nata. Idan ta zauna a maƙogwaro makonni babu wanda ya sani, ta sami lokaci da maƙwabtan da za ta ara juriya daga gare su. Masana suna ganin ta wannan hanya ce aka sami sauye-sauyen da suka raunana sefiksim da seftiriyazon.

Maris zuwa Afrilu 2018: magani na uku

Zaɓin da ya rage ba shi da yawa. Akwai jentamaisin, amma shi ma ba a amince da aikinsa a maƙogwaro ba. Wani babban gwaji da aka yi a Ingila, aka wallafa a 2019, ya tabbatar da wannan shakku, inda jentamaisin ya kawar da cutar daga maƙogwaro a kashi 80 cikin ɗari, seftiriyazon kuwa a kashi 96. Ɗakin gwaji ya auna ertafenem, ya ga cewa 0.032 kacal ya isa ya hana ƙwayar girma. Ertafenem yana cikin rukunin kabafenem, magungunan da ake adanawa domin cututtuka masu tsanani na marasa lafiyar da ke kwance a asibiti, kuma a lokacin babu wani gwaji a kan mutane da ya nuna yana warkar da gonoriya, ba a kuma tsayar masa da ma'aunin da za a ce ƙwaya ta ji shi ko ta bijire ba. Likitocin sun dogara ne da abin da faranti ya nuna.

An yi wa majiyyacin allurar ertafenem giram 1 ta jijiya, sau ɗaya a rana, na kwana 3. A ƙarshen Maris hukumar lafiyar Ingila ta sanar da duniya lamarin tun kafin a san ko maganin ya yi aiki, ta kuma tunatar da asibitoci da ɗakunan gwaji cewa su riƙa renon ƙwayar kowane mai gonoriya, su tabbatar da warkewa, su bi sawun abokan kwanciya, su kuma tura duk ƙwayar da ta bijire. A Afrilu aka sake gwada mafitsara da maƙogwaro, duka suka fita babu cuta, hukumar ta sanar cewa mutumin ya warke. An gwada abokiyar zamansa ta Birtaniya, ba a same ta da cutar ba, kuma binciken bai gano wani da ya kamu da wannan nau'i a cikin ƙasar ba.

A daidai wannan lokaci Ostireliya ta ba da rahoton mutum biyu masu ƙwaya irin wannan. Ɗaya ya kamu ne a kudu maso gabashin Asiya, ɗayan kuwa bai yi wata tafiya waje ba a kusa da lokacin. A watan Mayu Cibiyar Rigakafi da Yaƙi da Cututtuka ta Turai ta fitar da gargaɗi ga ƙasashen nahiyar.

Abin da binciken gado ya nuna

An karanta dukkan gadon ƙwayar, aka wallafa sakamakon a mujallar Eurosurveillance a Yulin 2018. Juriyarta ga seftiriyazon ta fito ne daga wani sauyi mai lamba penA-60, irin wanda aka gani a nau'in FC428 na Japan. Seftiriyazon yana aiki ne ta hanyar kama wani furotin da ƙwayar ke gina bangonta da shi, wannan sauyi kuwa yana canza siffar furotin ɗin yadda maganin ba zai kama shi da kyau ba. Juriyarta ga azitromaisin ta fito daga wani sauyi dabam a injin da ƙwayar ke ƙera furotin da shi, kuma sauyin ya shafi dukkan kwafi huɗu da take da su. Amma ƙwayar kanta ba jikar FC428 ba ce. Wani reshe ne na gonoriya da ya tsinci gutsuren gadon, ya haɗa da nasa. Ma'anar wannan ita ce juriyar tana iya tsallakawa daga reshe zuwa reshe. Da aka kwatanta ta da ƙwayoyin Ostireliya guda biyu, sai aka ga dangi ne na kusa ƙwarai. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin ƙwayoyin da ɗakunan gwaji ke auna ingancin aikinsu da su, ta ba ta harafin Q.

Daga 2019 zuwa 2025

A farkon 2019 ƙungiyar likitocin cututtukan saduwa ta Birtaniya ta sauya ƙa'ida. Ta cire azitromaisin daga maganin farko, ta ɗaga seftiriyazon zuwa giram 1 shi kaɗai. Ta kuma ce a ɗauki samfurin maƙogwaro daga duk wanda ya kamu a yankin Asiya da Fasifik, da duk wanda aka samu ƙwayarsa ta bijire wa seftiriyazon, ko wace irin saduwa ya ce ya yi. Amurka ta bi irin wannan hanya a Disamban 2020, da seftiriyazon miligiram 500 shi kaɗai. Wani gwaji da aka yi a Amstadam, aka wallafa a 2022, ya nuna cewa ertafenem giram 1 bai gaza seftiriyazon ba wajen warkar da gonoriyar al'aura da dubura.

Yawan masu kamuwa a Ingila ya ci gaba da hauhawa: sama da 56,000 a 2018, kimanin 70,000 a 2019, ya sauka lokacin annobar korona, sannan ya haura 82,000 a 2022 da 85,000 a 2023, adadi mafi yawa tun da aka fara ajiye ƙidaya a 1918. A 2024 ya ragu zuwa kimanin 71,800. Wani ɓangare na hauhawar ya samo asali daga ƙaruwar gwaji, amma hukumar lafiya ta ƙasar ta ce girmanta ya nuna yaɗuwar ma ta ƙaru.

Irin ƙwayar wannan majiyyaci ba ta tsaya a kansa ba. A 2022 an sami makamanciyarta a ƙasar Ostiriya ta Turai, a jikin wani da ya dawo daga Kambodiya. Zuwa Maris 2025 Ingila ta ƙidaya mutum 42 masu gonoriyar da ta bijire wa seftiriyazon tun daga 2015, kuma 15 daga ciki ƙwayarsu ta haɗa da bijire wa magungunan da ke biye da shi. Yawancinsu suna da alaƙa da tafiya zuwa yankin Asiya da Fasifik. A Agustan 2025 Ingila ta fara ba waɗanda suka fi fuskantar haɗari allurar rigakafin sanƙarau nau'in B, wadda bincike ya nuna tana rage kamuwa da gonoriya da kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, saboda kusancin ƙwayoyin biyu.

Hukunci

Idan aka bi lamarin daki-daki, za a ga cewa ƙidayar masu kamuwa ba ta taka wata rawa wajen gano shi ba. A cikin dubban da aka lissafa a 2018, wannan mutum lamba ɗaya ce kawai. Shirin GRASP ma, da yake a tsakiyar shekara yake tattara samfuri, ba shi ne ya kama ƙwayar da ta zo a Fabrairu ba. Abin da ya kama ta shi ne aikin yau da kullum na asibiti guda: an reni ƙwayar tun ranar farko, an auna ta, an sake kiran mutumin bayan ya ji sauƙi, an duba maƙogwaronsa, kuma akwai inda za a tura ƙwayar da wanda zai karɓa. Da gwajin gado na fitsari kaɗai aka yi masa, da an rubuta cewa ya warke, domin alamunsa sun tafi kuma fitsarinsa ya fita babu cuta, alhali yana ɗauke da ƙwayar da maganin farko na duniya ba ya kashewa. Wannan ne, a ganina, babban abin tsoro a cikin lamarin, ya fi lambobin juriyar kansu.

Akwai abin da ya gaza. Sifektinomaisin ya ci lokaci ba tare da ya taɓa inda cutar ta rage ba, kuma sabuwar ƙa'idar 2019 ta duba maƙogwaro da wuri ta rufe wannan giɓi. Akwai kuma abin da ya yi aiki amma ba zai yiwu ga kowa ba. Allurar jijiya ta kwana uku, da magani mai tsada da ake adana wa masu jinya a gadon asibiti, ta dace da mutum ɗaya ko goma. Ba za ta ɗauki mutum miliyan 82 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sun kamu a 2020 ba, kuma yawan amfani da kabafenem zai raunana shi a kan cututtukan da suka fi gonoriya kisa.

Sai kuma matar da ya sadu da ita. Ƙwayar ta fito daga wani wuri da take yawo kafin ta shiga jirgi, amma a Ingila da Ostireliya aka fara bayyana ta, domin can ne ake da farantin reno da kuɗin gwaji. A ƙasashe da yawa ana yi wa mai fitar mugunya magani bisa alamu kawai, ba gwajin gado, ba na reno, kuma babu mai sake kiransa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara ƙarfafa sa ido a Tailan tun 2015 da wani shiri mai suna EGASP, ta faɗaɗa shi zuwa Filifin da Kambodiya da wasu ƙasashe, kuma sakamakon Kambodiya ya nuna juriya ga seftiriyazon mai yawan da ya wuce iyakar kashi 5 cikin ɗari. Sababbin magunguna biyu na haɗiya, zoliflodasin da jefotidasin, sun yi nasara a manyan gwaje-gwaje a kan gonoriyar al'aura. Tsawon shekarun da za su yi suna aiki zai danganta da yawan asibitocin da ke iya renon ƙwayar kafin magani da kuma duba maƙogwaro bayansa, musamman a ƙasashen da cutar ta fi yawa.